Kafin Mota Ta Tashi: Yadda Ake Kai Jariri Marar Lafiya Daga Wani Asibiti Zuwa Wani

Jaririn da aka haifa a mako na 28, mai nauyin kilo ɗaya da 'yan giram, ba ya jure abubuwan da babba ba zai ma lura da su ba. Iskar da ta shigo ta ƙofa, gargadar hanya, bututun numfashi da ya goce da rabin santimita, awa biyu sukari na ƙasa a jini, kowanne ya isa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa. Kuma ba kowane asibiti ne ke da abin da irin wannan jariri ke buƙata ba. Likitan tiyatar jarirai, likitan zuciyar yara, na'urorin taimakon numfashi da ma'aikatan jinyar da suka goge da bakwaini, duk a 'yan manyan asibitoci suke taruwa, saboda hannu ba ya faɗawa sai da yawan aiki. Ita kuwa haihuwa ba ta zaɓen wuri. Wannan giɓin ne ya haifar da tsarin jigilar jarirai na yanki: tawaga guda mai lambar waya guda, tana hidimta wa dukkan asibitocin haihuwa na wani yanki dare da rana.

Da yawan mutane, har da masu tsara kasafin lafiya, in aka ce jigilar jarirai, mota suke hangowa. A sayi mota, a ɗora kwalbar ɗumama jarirai a ciki, a ce an kafa tsari. Alhali mota ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Ainihin aikin tawagar shi ne ta kinkimi ɗakin kulawa ta musamman ta kai shi inda jaririn yake, ta daidaita shi a can, sannan ta taho da shi. Mafi yawan abin da ke sa jariri ya isa lafiya ko ya isa a galabaice, a asibitin farko ake yinsa ko a kasa yinsa, tun ba a tayar da inji ba.

Tunanin ya daɗe. A 1976 wani rahoto da gidauniyar March of Dimes ta ɗauki nauyi a Amurka ya ba da shawarar a kasa asibitocin haihuwa mataki uku, a haɗa su da hanyar tura masu ciki da jarirai. A shekarar ce kuma jihar Biktoriya ta Ostireliya ta kafa tawagar jigilar jarirai ta musamman. Ingila ta sake fasalin kula da jarirai zuwa rukunonin asibitoci na yanki bayan wani bita da aka yi a 2003, Sikotlan kuma ta haɗa jigilar jarirai da ta yara da ta manya a ƙarƙashin hukuma ɗaya a 2014.

Kwalbar da ta fi kowace

Tsari mai kyau yana fara tambaya ne tun jaririn bai fito ba: shin za a iya kai uwar? Babu kwalbar da ta kai cikin uwa ɗumi, ciyarwa da kariya daga girgiza. Wani nazari da mujallar BMJ ta buga a 2019, kan jariran Ingila da aka haifa kafin mako na 28, ya nuna cewa waɗanda aka haifa a ƙananan asibitoci aka kwashe su cikin awa 48 na farko sun fi samun mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, in aka gwada da waɗanda aka haifa a babban asibiti. Waɗanda aka bari a ƙananan asibitocin ba tare da an kwashe su ba kuma sun fi mutuwa. Ma'ana duk biyun akwai asara, mafita ita ce haihuwar ta kasance a wurin da ya dace.

Don haka in mace ta zo da alamun naƙuda tun lokaci bai yi ba, ana yi mata allurar da ke nunar da huhun jariri idan cikin yana tsakanin mako na 24 da na 34, a ba ta maganizyam salfet don kare ƙwaƙwalwar jaririn idan bai kai mako na 32 ba, sannan a nema mata gado biyu a can, nata da na jaririn. Sai dai akwai lokacin da ba a motsa uwa: naƙuda ta yi nisa, jini na zuba, ko hawan jini ya kai ta ga jijjiga. Haihuwar bakwaini a cikin mota ta fi haihuwarsa a ƙaramin asibiti muni nesa ba kusa ba. A nan sai a kira tawagar ta taso tun kafin a haihu.

Kiran farko

Likitan da ke tsaye a kan jariri mai shan wahalar numfashi bai kamata ya koma kan waya yana bin asibitoci ɗaya bayan ɗaya yana neman gado ba. Wannan shi ne babban amfanin lamba guda. Mai karɓar kira ya haɗa likitan da ya kira, babban likitan tawagar da asibitin da zai karɓa a layi ɗaya, in da hali har da likitan tiyata ko na zuciya. A tambayi makonnin ciki, nauyi, awa nawa da haihuwa, zafin jiki, sukari, yawan oksijin da yake sha, sakamakon gwajin iskar jini (mai nuna oksijin da tsamin jini), hoton ƙirji, magungunan da aka bayar, da abin da ya faru da uwa lokacin naƙuda. Shawara tana farawa ne daga wannan minti. In tawagar za ta yi awa biyu a hanya, waɗannan awannin na ma'aikatan asibitin farko ne, kuma abin da suka yi a ciki ya fi duk abin da za a yi daga baya tasiri.

Ba duk kira ne ɗaya ba. Jaririn da ke amai kore, wanda ake zargin hanjinsa ya murɗe, ko wanda hanjinsa ya huje, ko wanda manyan jijiyoyin zuciyarsa suka fito a juye ya yi shuɗi, mintoci ake ƙirga masa. A Birtaniya ma'aunin da ake bi shi ne tawaga ta bar sansaninta cikin minti 60 da samun irin wannan kira. Hakan ba ya yiwuwa sai tawagar ta zama mai zaman kanta, wato nas da ta ƙware da jarirai, likita ko babbar nas mai horon saka bututu, da direban da ya san aikin, ba wai a zare su daga ɗakin jinya duk lokacin da waya ta yi ƙara ba. Zare ma'aikaci daga ɗaki yana nufin an bar wasu jariran don a ceci ɗaya.

Sanyi

Idan akwai abu ɗaya da ya fi kashe jarirai a hanya a ɓoye, to sanyi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ajiye zafin jikin jariri tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salshiyas. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2007 kan jarirai sama da 5,000 da ba su kai kilo ɗaya da rabi ba ya gano cewa duk digiri ɗaya da zafin jiki ya ragu lokacin isa ɗakin jinya yana tare da ƙarin haɗarin mutuwa da kashi 28 cikin ɗari.

Dalilin a fili yake. Jariri ba ya rawar ɗari. In sanyi ya kama shi, wani kitse na musamman yake ƙonawa don ya samar da ɗumi, ƙonawar kuma tana cin oksijin da sukari, abubuwa biyun da dama ba su ishe shi ba. Jini ya yi tsami, jijiyoyin huhu su tsuke, oksijin ya ƙara raguwa, sai abu ya yi ta zagayawa. Bakwaini ma bai tara kitsen sosai ba, ga fatarsa siririya, ruwa na fita ta cikinta yana tafiya da ɗumi.

Shi ya sa jaririn da bai kai mako na 32 ba ake zura shi cikin ledar roba mai tsabta har wuya ba tare da an goge jikinsa ba, a sa masa hula, domin kai ne babban wurin da ɗumi ke tsiyayewa. Za ka gan shi ta cikin ledar, gumi ya taru a jikinta, igiyar cibiya ta fito ta wata 'yar huda, duk abin da za a yi masa ta wannan hudar ake yi. Ana kunna kwalbar tafiya tun ana hanyar zuwa don ta yi ɗumi, a ɗumama cikin motar ma, a lulluɓe kwalbar da mayafi mai kauri, saboda jiki yana zubar da ɗumi zuwa ga bangon kwalba mai sanyi ko da iskar ciki da ɗumi. Wuraren da aka fi yin asara su ne lokacin ɗaga jariri daga gado zuwa kwalba, da tsakanin ƙofar asibiti da ƙofar mota. Akwai katifar sinadari da ake lanƙwasa wani ɗan ƙarfe a cikinta ta yi ɗumi. In an ajiye ta a wuri mai zafi kafin a kunna, zafinta kan zarce ya ƙone fata. Robar ruwan zafi kuwa ba ta da wuri kusa da jariri ko kaɗan.

Akwai jariri ɗaya da ake sanyayawa da gangan: wanda ya kai mako na 36, ya rasa iska lokacin haihuwa har ƙwaƙwalwarsa ta nuna alama. Ana sauke zafin jikinsa zuwa digiri 33.5 na awa 72, kuma dole a fara cikin awa 6 na farko, wanda sau da yawa yakan faɗo ne a lokacin jigila. Kashe kwalba kawai a bar shi ya huce yana da haɗari, don zafin kan zarce ƙasa fiye da kima. Ana buƙatar ma'auni a dubura da ke karantawa ba yankewa, da katifar da ke daidaita kanta. Kuma wani babban gwaji da aka yi a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash, wanda aka buga a 2021, ya ga sanyayawar ba ta amfanar ba, mace-mace ma suka ƙaru. Wannan magani ne da ba a kwaikwayonsa da ka.

Sukari, numfashi da jini

Jaririn da ba shi da lafiya ba a ba shi nono a hanya, don haka ƙarin ruwa ne abincinsa. A ranar farko akan fara da ruwan gulukos mai kashi 10 cikin ɗari, mililita 60 ga kowane kilo a awa 24. Mai kilo ɗaya da rabi ke nan zai sha mililita 90 a yini, wato 3.75 a awa, adadin da ba ya yiwuwa da ɗigon hannu, sai da famfon sirinji. In sukari ya sauka ƙasa da milimol 2.6 a kowace litar jini, a ba shi mililita 2 na ruwan gulukos ɗin ga kowane kilo ta jijiya, a ƙara gudun ruwan, a sake aunawa bayan rabin awa. Ana son hanyar jijiya biyu kafin a tashi, domin neman jijiyar bakwaini a cikin mota wahala ce da ba a so a gamu da ita. Jijiyar cibiya takan ceci lamarin a kwanakin farko.

Batun numfashi ne ke buƙatar hukunci mafi nauyi. Jariri yana kan na'urar CPAP, mai hura iska ta hanci, oksijin ɗin da yake buƙata ya haura kashi 40 yana ƙara hawa, numfashinsa na ɗan ɗaukewa lokaci-lokaci. A tafi da shi haka, ko a saka masa bututu a maƙogwaro? Ra'ayinmu a nan ba ya rawa: in har ana tantama ko zai buƙaci bututu a hanya, to a saka shi a asibiti, inda akwai haske, fili da ƙarin hannu. Wanda bai kai kilo ɗaya ba bututu mai lamba 2.5, daga kilo ɗaya zuwa biyu lamba 3.0, sama da haka 3.5. Zurfinsa a leɓe kusan nauyin jaririn a kilo ne a ƙara 6, a santimita. A tabbatar da hoton ƙirji, a ɗaure shi ɗaurin gaske. Maƙogwaron bakwaini gajere ne ƙwarai, in wuya ya lanƙwashe gaba bututun ya nutse cikin huhun dama, in ya miƙe baya ya zame ya fito. Shi ya sa ake tallafe kai ta gefe biyu.

In an ba da safaktan, maganin da ke buɗe huhun bakwaini, ba a tashi nan take. Huhun yana saki cikin mintoci, matsin iskar da ya dace ɗazu ya koma ya yi yawa, huhu ya iya fashewa. A jira, a rage, a sake gwajin iskar jini. In iska ta riga ta taru tsakanin huhu da ƙirji, a saka bututun fitar da ita kafin tafiya. Oksijin kansa magani ne mai illa: ga bakwaini ana riƙe ma'aunin tsakanin kashi 91 da 95, don yawansa na lalata ido. Saboda haka tawaga na buƙatar tukunyar iska tare da ta oksijin, da abin gauraya su.

Idan ana zargin ƙwayoyin cuta, a ɗebi jinin gwaji, a ba da maganin farko cikin awa ɗaya, kada a ce sai an isa. In jini ba ya zagayawa sosai, an danna fatar ƙirji ta wuce daƙiƙa 3 ba ta dawo ba, akan ba da ruwan gishiri mililita 10 ga kowane kilo a hankali. Tura ruwa da sauri cikin bakwaini na iya fasa siraran jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa.

Wasu cututtukan na da nasu dokoki. Wanda aka haifa hanjinsa a waje, a naɗe hanjin da leda mai tsabta, a kwantar da shi ta gefen dama, a riƙa duba launin hanjin. Wanda hanjinsa ya haura cikin ƙirji ta hudar da ke shamakin ciki, ba a hura masa iska da abin rufe fuska, don iskar za ta kumbura hanjin ta danne huhu, bututu ake sakawa kai tsaye. Wanda maƙoshinsa ya toshe bai kai ciki ba, a riƙa zuƙe miyau ba fasawa. Wanda rayuwarsa ta rataya ga wata 'yar jijiyar zuciya da ke rufewa bayan haihuwa, ana ba shi furostagilandin don ta zauna a buɗe, ta hanyar jijiya tata ita kaɗai da ba a tsayarwa, da sanin cewa maganin kan ɗauke numfashi.

Sannan iyaye. Sau da yawa uwa na kwance bayan tiyata, ba za ta iya bi ba. Kafin a fita, a gangaro da kwalbar gefen gadonta, a buɗe 'yar tagar, ta zura hannu ta taɓa tafin ƙafarsa. Minti biyu ne, kuma ba ɓata lokaci ba ne, don wani lokacin shi ne ganin ƙarshe. A gaya mata gaskiyar halin da yake ciki, a rubuta mata sunan asibitin da lambar ɗakin, a ɗauki hotonsa a bar mata, a ɗebi jininta don gwajin ƙarin jini, a duba abin hannu mai sunansa, a nuna mata yadda za ta fara tatsar nono. In da wuri a motar, uba ko wani na kusa ya bi.

A kan hanya

Lissafin iska ba a yinsa da ido. Tukunyar da aka fi sani, mai lamba E, tana ɗaukar kusan lita 680. Na'urar da ke zuƙar lita 8 a minti, jariri na shan oksijin kashi 60, rabi oksijin ne rabi iska, wato lita 4 kowanne. Tafiyar awa biyu lita 480 ke nan daga kowace tukunya. Ƙa'ida ita ce a ninka, saboda cunkoso, lalacewar mota ko jariri ya rikice. Lita 960, tukunya ɗaya ba ta isa. Haka batir: a jona kwalba, na'urar numfashi da famfunan sirinji da wutar mota da zarar an shiga, a bar batir don tsakanin ƙofa da ƙofa.

Gudu da jiniya ba su cika ƙara komai ba face haɗari. Sauri ya haifi nawa. Birki mai ƙarfi na tura jini zuwa kai ko ya janye shi, ƙwaƙwalwar bakwaini kuma ba ta iya daidaita wannan. A ɗaure jariri da majanyin kwalba, a kulle kwalbar a ƙasan mota, kowace tukunya da jaka a ɗaure, ma'aikata su zauna da bel. A toshe masa kunne, don ƙarar mota ta ninka abin da aka yarda da shi a ɗakin jinya. Ana rubuta bugun zuciya, oksijin da zafin jiki duk minti 15.

In ma'auni ya faɗi kwatsam, a ce wa direba ya tsaya a wuri mai aminci. Ba a aiki a tsaye cikin mota mai tafiya, kuma abin sauraren ƙirji ba ya jin komai cikin ƙarar inji. Abu huɗu ake bi da sauri: bututu ya goce, ya toshe da majina, huhu ya fashe, ko na'ura ta samu matsala, kamar tukunya ta ƙare ko tiyo ya cire. A cire shi daga na'ura a hura da hannu. In ya farfaɗo, laifin na'ura ne. In ƙirji bai ɗaga ba, bututu ne. In gefe ɗaya kawai ke ɗagawa, a haska ƙirjin da fitila mai sanyi, gefen da iska ta taru zai yi jajir kamar fitila.

Jirgin sama na rage nisa, yana kawo nasa matsalolin. A matsin iskar da ya yi daidai da tsayin ƙafa 8,000, duk iskar da ta maƙale a jiki tana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku, ko a ciki take, ko a hanji, ko a ƙirji. Dole a bar bututun da aka zura masa zuwa ciki a buɗe. Jirgi mai saukar ungulu kuma ga ƙara, ga girgiza, ga ƙuncin wuri.

Bayan an isa

Miƙa jariri ana yinsa ne kowa ya tsaya ya saurara, mutum ɗaya na magana, kafin a taɓa ko da wayar na'ura ɗaya. Sannan a auna zafin jiki, sukari da iskar jini, a rubuta. Waɗannan alƙaluma uku su ne madubin tawaga. A kira iyaye a ce an isa. A kuma koma wa asibitin farko da bayani, ba da zargi ba: ga abin da aka samu, ga abin da kuka yi daidai, ga inda za a gyara. Asibitin da aka kunyata yakan jinkirta kira na gaba, kuma jinkirin kira ya fi kiran da bai zama dole ba tsada.

Inda kuɗi bai kai ga kwalbar tafiya ba, ba a rasa abin yi ba. Jaririn da ke numfashi da kansa ana iya ɗaure shi a ƙirjin uwa ko wani babba, fata da fata, da hula da mayafi, salon da aka faro a Bogota ta Kolombiya a 1978. Da wannan, da ma'aunin oksijin na yatsa, da jakar hura iska, da ma'aikaci mai horo, da kiran waya kafin a tashi, an rufe manyan ƙofofin asara. Abin da ba shi da uzuri shi ne a miƙa wa dangi jariri da takarda a ce su nemi wani asibitin da kansu.

Akwai kuma rabin aikin da ba a cika ambata ba, wato mayar da jarirai. Gadajen babban asibiti ƙalilan ne. Jaririn da ya sauka daga na'ura, yana shan nono ta bututu, yana ƙara nauyi, in ya ci gaba da zama a can ya tare gadon wanda za a haifa a daren nan, ga iyayensa na ta zirga-zirga mai nisa. Tsarin da ya ware mota da ma'aikata don ɗaukowa kawai, cikin 'yan makonni zai fara amsa waya da cewa babu gado. Shi ya sa tun ranar da aka karɓi jariri ake gaya wa iyayensa cewa in ya samu sauƙi za a mayar da shi asibitin da ya fi kusa da su, kuma kowace safiya mai kula da gadaje yana kiran asibitocin yankin ɗaya bayan ɗaya ya ji gado nawa ya saura, da jariri nawa ya isa komawa.